Daga Fadikpe Zuwa Ikko: Rayuwar Ɗan Koyon Aikin Akanta A Manyan Kamfanoni

A ƙarshen watan Disamba na kowace shekara, unguwar Fadikpe da ke gefen hanyar zagaye ta yammacin garin Minna takan cika da 'ya'yanta da suka dawo hutu. 'Yan makaranta su dawo, ma'aikatan Abuja da na Kaduna su dawo, a yi ɗaurin aure, a yi suna, a ziyarci dangi a Kpakungu da Dutsen Kura da Bosso. Amma akwai wani irin ɗa wanda iyayensa ba su sa ran ganinsa a wannan lokaci, watau wanda Allah ya sa ya sami shiga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin binciken lissafin kuɗi a matsayin ɗan koyo.

Ranar 31 ga wata, sa'ad da tsaransa suke zaune a majalisa ana shan shayi, shi yana can cikin wani ƙaton sito a Apapa ko Ikeja, ko a unguwar masana'antu ta Bompai a Kano, riƙe da takarda da biro, yana ƙirga buhunan sukari ko katan-katan na sabulu. Wanda ya gan shi cikin ƙura sai ya ɗauka yaron sito ne. Alhali kuwa mai digiri ne, kuma wannan ƙirga da yake yi ita ce tubalin farko na rahoton da bankuna da masu hannun jari da hukumar haraji za su dogara da shi.

ASALIN SANA'AR

Riƙon lissafin dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin sarautar Ma'aji ta girmi zuwan Turawa. Da Turawan mulki suka tsara baitulmalin En'e a masarautu, sai aka fara buƙatar akawuna masu iya rubuta shiga da fitar kuɗi bisa tsarin boko. Makarantar horon akawuna da aka buɗe a Zariya a 1947 ita ce ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta kuma yaye akantoci masu yawa na jihohin Arewa.

Amma aikin akanta mai zaman kansa, wanda ba ma'aikacin kamfanin da yake bincika ba ne, daga Ingila ya zo. Ɗan Nijeriya na farko da ya sami cikakkiyar shaidar wannan sana'a a can shi ne Mista Akintola Williams, a 1949. Ya kafa kamfaninsa a Ikko a 1952, ya kuma zama shugaban farko na Ƙungiyar Ƙwararrun Akantoci ta Nijeriya, watau ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965. Ya rasu a watan Satumba na 2023 yana da shekara 104. Akwai kuma ƙungiya ta biyu, ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta sami amincewar doka a 1993, tana da kwalejinta kusa da Jos.

Daga cikin 'yan Arewa na farko da suka bi wannan hanya akwai marigayi Alhaji Hamza Zayyad, Wazirin Katsina, wanda aka ɗora wa shugabancin kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a 1988. Akwai kuma Alhaji Umaru Mutallab, wanda bayan ya gama Kwalejin Barewa ya fara da aikin akawu a kamfanin akantoci na Pannell Fitzpatrick a Kaduna, kafin ya tafi Ingila ƙaro ilmi. Daga baya ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya, ya shugabanci bankin UBA, ya kuma zama shugaban hukumar daraktocin First Bank. Shi ma daga teburin ɗan koyo ya fara.

ƘOFAR SHIGA

Manyan kamfanonin wannan sana'a a duniya guda huɗu ne: Deloitte da PwC da EY da KPMG. A Nijeriya manyan ofisoshinsu a Ikko suke, sai rassa a Abuja da wasu 'yan birane. Saboda haka yaron Fadikpe da ya yi karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida ta Lapai, ko Zariya ko Kano, in yana son wannan horo, ba makawa sai ya bar gida.

Ƙofar kuwa ƙanƙanuwa ce. Galibi akan nemi wanda ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, ya gama bautar ƙasa, kuma shekarunsa ba su wuce ashirin da shida ko kusa da haka ba. Wannan sharaɗi na shekaru ya fi cutar da ɗan talaka, wanda ya makara shiga makaranta, ko yajin aikin malaman jami'a ya cinye masa lokaci, kamar na 2020 da na 2022 waɗanda kowannensu ya ɗauki wata takwas ko fiye. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba lalle sai wanda ya karanta aikin akanta ake ɗauka ba. Mai digirin lissafi ko injiniya ko aikin gona yana iya shiga, muddin ya ci jarrabawar gwajin basira.

Jarrabawar ta kwamfuta akan yi ta, da ƙayyadajjen lokaci, ta ƙunshi lissafi da Turanci da warware matsaloli. Wanda ya haye sai a haɗa shi da wasu, a ba su wata matsala su tattauna, ana kallon wanda ya iya magana da wanda ya iya saurare. A nan ne tarbiyyar gida takan zama wa ɗan Arewa alheri da cikas a lokaci guda. An koya masa kada ya katse na gaba da shi, kada ya yabi kansa, kada ya ƙura wa babba ido. Masu ɗaukar aiki kuwa wani lokaci sai su ɗauki wannan kunya a matsayin rashin sani. Matakin ƙarshe shi ne ganawa da ɗaya daga cikin masu kamfanin, waɗanda ake kira fatna.

AIKIN DA AKE SA SHI

Tsarin muƙamai a waɗannan kamfanoni kamar tsani yake. Ɗan koyo yana ƙasa, sai jagoran ayari wanda ya girme shi da shekara biyu ko uku a aiki, sai manaja, sai babban manaja, sa'an nan fatna, wanda shi kaɗai ke sa hannu a rahoto da sunan kamfani. Hawa daga ƙasa zuwa sama yakan ɗauki fiye da shekara goma, kuma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka shiga tare suke kai wa.

Bayan 'yan makonni na horo, sai a tura ɗan koyo ofishin wani banki ko masana'anta ko kamfanin inshora. Aikinsa na farko ba mai ban sha'awa ba ne. Za a zaɓo masa wasu ma'amaloli daga littafin kamfanin, a ce ya nemo rasidi da takardar izinin biya na kowane ɗaya. Zai rubuta wa bankuna wasiƙa su tabbatar da abin da kamfanin yake da shi a ajiya da bashin da ake binsa. Zai je ya ga motar da aka rubuta an saya, ya duba lambarta da idonsa. Ƙa'idar sana'ar ita ce ba a karɓar magana sai da shaida, ko da daga bakin dattijo mai furfura ta fito.

Wannan ma wani darasi ne mai wuya. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu zai tsaya gaban babban akantan kamfani, sa'an mahaifinsa, ya ce masa takardar da ya bayar ba ta gamsar ba, a kawo wata. Wasu sukan ja shi da wasa, wasu su bar shi zaune wuni guda yana jiran fayil, wasu kuwa su kai ƙararsa wurin manajansa. Dole ya koyi yadda ake nacewa cikin ladabi.

Har ila yau kowace sa'a tasa a rubuce take. Ƙarshen mako zai cika takardar da ke nuna awa nawa ya yi a kan aikin wane kamfani, domin da ita ake lissafin kuɗin da za a caji mai aikin. Ƙarshen kowane aiki kuma jagoransa zai rubuta rahoto a kansa, kuma waɗannan rahotanni su ne ke yanke ƙarin girma da ƙarin albashi.

KAKAR AIKI

Kamar yadda manomi yake da damina, haka akanta yake da tasa. Yawancin kamfanoni suna rufe littafinsu ranar 31 ga Disamba, kuma tun 2009 Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa bankuna duka wannan rana guda. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ana son su miƙa lissafin da aka bincika cikin wata uku, takardun haraji kuwa cikin wata shida. Saboda haka daga Janairu zuwa Afrilu aiki yakan taru wuri guda. Barin ofis da ƙarfe goma na dare ba abin mamaki ba ne, Asabar ta zama ranar aiki, wani lokaci har da Lahadi.

A 2024 da 2025 watan Ramadan ya faɗo a cikin Maris, tsakiyar wannan kaka. Musulmin ɗan koyo yakan yi buɗa-baki da dabino da ruwan gora a gaban kwamfuta, ya nemi lungu ya yi Magariba, ya koma kan aiki, ya isa gida lokacin da masu tarawihi suka daɗe da watsewa.

Da kakar ta wuce, sai jarrabawa ta tsaya a ƙofa. Jarrabawar ICAN matakai uku ce, na tushe da na tsakiya da na ƙarshe, kuma manyan lokutan zamanta su ne Mayu da Nuwamba. Wasu kuma sukan zaɓi ta ACCA ta Ingila, wadda kuɗinta da fam ake biya, ta kuma ƙara tsada tun da darajar Naira ta faɗi a 2023. Manyan kamfanoni sukan taimaka da kuɗin jarrabawa da ɗan hutun karatu, amma taimakon da sharaɗi yake zuwa: wanda ya yi ta faɗuwa, ƙarin girmansa yakan tsaya. Wanda kuma yake son lasin buɗe ofishin kansa wata rana, sai ya cika shekara uku yana aiki ƙarƙashin ƙwararru. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ɗan koyo da yawa a cikin mota yake karatunsa, a cunkoson gadar Third Mainland da asuba.

ZAMAN BIRNI

Ofisoshin suna Victoria Island da Marina a Ikko, ko tsakiyar birni a Abuja, inda albashin ɗan koyo ba ya iya kama ɗaki. Na Ikko sai ya haɗa kuɗi da abokan aiki su kama gida a Yaba ko Surulere, ko ya raɓa da wani ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba inda Hausawa suke da yawa. Na Abuja kuwa sai Kubwa ko Lugbe ko Mararaba, wani ma har Suleja, don dai ya kwana cikin jiharsa a gidan dangi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya cinye wani babban kaso na abin da yake samu.

A gida kuwa labari daban ne. An ji yana aiki a kamfanin Turawa, an ga hotonsa da kwat da nakatai, an yanke cewa ya yi arziki. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin Baba, gudummawar bikin 'yar gwaggo, duk wayarsa ake kira. Kunya ba ta barinsa ya ce babu, ba ya kuma iya bayyana wa Inna cewa kwat ɗin nan guda biyu ne kacal yake juyawa.

Zaman ofis shi ma yana da nasa al'adu. A wasu daga cikin kamfanonin an saba kiran kowa da sunansa na yanka, har fatna mai shekara hamsin. Yaron da ya tashi yana durƙusawa ya ce ranka ya daɗe, ko yallaɓai, yakan yi watanni bakinsa bai iya wannan ba. Akwai kuma fita shaƙatawa ranar Juma'a da dare, da liyafar ƙarshen shekara, da walimar da akan yi in an gama babban aiki. Sau da yawa a wuraren da ake shan giya ake yinsu. Ba wanda zai tilasta masa sha, amma in ya ƙaurace gaba ɗaya, sai ya tarar an san juna ba da shi ba, domin a irin wannan zama ne manaja yake gane wanda zai nema in aiki mai kyau ya taso. Masu dabara sukan je da wuri, su gaisa da kowa, su ci abinci da lemonsu a hannu, su sulale kafin dare ya yi nisa.

Amfanin wannan cuɗanya ba kaɗan ba ne. Ayari guda yakan haɗa Bayarabe da Ibo da Banufe da Bagwari da Bahaushe, su yi wata guda a otal ɗaya a Fatakwal ko Kano, suna cin abinci tare, suna raba wahala. Abotar da aka ƙulla da ƙarfe ɗaya na dare a kan lissafin da ya ƙi daidaita takan daɗe fiye da aikin kansa. Ɗan Minna, wanda ya tashi a garin da ƙabilu suka cakuɗa tun zamanin da hanyar jirgin Baro zuwa Kano ta ratsa shi, ya fi wasu sauƙin sajewa.

Ga 'ya mace kuwa nauyin ninki biyu ne. Kafin ta fara, sai an shawo kan iyaye su yarda ta zauna nesa ba aure. In ta fara, ga dawowar dare da tafiye-tafiye da maganar mutane. In aure ya zo, sai a fara lissafin ko mijin zai jure wa kakar Janairu. Duk da haka yawan matan Arewa da ke cin jarrabawar yana ƙaruwa, kuma ana buƙatarsu ƙwarai, musamman a bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012.

INDA AMANAR TAKE

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ake wahalar da mai digiri da ƙirgar buhu? Amsar tana cikin tarihin sana'ar. A watan Disamba na 2001 kamfanin makamashi na Enron a Amurka ya durƙushe bayan an gano ya ɓoye basussuka. Kamfanin da ke bincika masa lissafi, Arthur Andersen, mai ma'aikata kimanin dubu 85 a duniya, bai kai ƙarshen 2002 a tsaye ba. Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yi masa a 2005, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin ba mai son sa hannunsa kuma. Da haka manyan biyar suka koma huɗu.

A gida ma an gani. A 2006 aka gano an kumbura lissafin kamfanin Cadbury na Nijeriya da kimanin Naira miliyan dubu 13 cikin 'yan shekaru, kuma daga cikin hanyoyin da aka bi akwai takardun shaidar kaya na ƙarya. A 2008 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta hukunta kamfanin da wasu shugabanninsa da masu binciken lissafinsa. A watan Agusta na 2009 kuma Babban Banki, ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu Naira miliyan dubu 420, alhali rahotanninsu na baya sun nuna riba. Waɗannan abubuwa suna cikin dalilan da suka sa aka kafa Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Nijeriya a 2011, aka kuma koma bin ƙa'idojin lissafi na duniya daga 2012.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar kuwa daga ƙasa take farawa: ranar da ɗan koyo ya gaji, mai sito ya ce masa buhu dubu ne a wancan lungu ba sai ya je ba, shi kuma ya rubuta dubu. Fatna ba zai taɓa ganin wannan sito ba. Da idon yaron zai sa hannu. Shi ya sa ake hana ma'aikaci mallakar hannun jari a kamfanin da yake bincika, ake hana shi karɓar kyauta mai nauyi, ake kuma hana shi faɗin abin da ya gani ko ga matarsa. Ga wanda ya tashi inda mayar da kyauta cin fuska ne, ƙin karɓar ambulan ɗin kuɗin mota daga hannun dattijo jarrabawa ce da ta fi ta Nuwamba wuya, kuma ba a rubuta sakamakonta a takarda.

BAYAN HORO, SAI INA?

Yawancin 'yan koyo ba su tsufa a kamfanin. Da zarar sun sami shaida suka cika shekara uku ko huɗu, bankuna da kamfanonin waya da na mai da hukumomin gwamnati sukan ɗauke su da albashi mafi tsoka. A 'yan shekarun nan kuma da yawa sun haye zuwa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Kaɗan ne suke waiwayar gida.

Alhali gidan yana da buƙata. Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976, tana da ƙananan hukumomi 25, kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara nauyin tambayar wa zai duba yadda aka kashe su. Sashe na 125 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa hukumomi da kamfanonin gwamnatin jiha, akantoci na waje ne za su bincika su, daga jerin sunayen da Babban Oditan Jiha ya bayar. Ga kuma 'yan kasuwar Kasuwar Kure da masu injin casar shinkafa na Bida, waɗanda da yawansu banki ke hana su rance don ba su da littafin da za a karanta.

Hanyar komawa a buɗe take, akwai kuma waɗanda suka nuna ta. Alhaji Kabir Alƙali Mohammed ya shugabanci ICAN a 2013, Malam Isma'ila Zakari na kamfanin Ahmed Zakari a 2017, Malam Tijjani Musa Isa a 2022. A watan Yuni na 2025 kuwa aka rantsar da Malam Haruna Nma Yahaya, ɗan Jihar Neja wanda ya kafa kamfaninsa na akantoci, a matsayin shugaba na 61.

Abin da ya rage ga iyayen Fadikpe da makamantansu shi ne su fahimci halin da ɗansu yake ciki. In Disamba ta zo bai zo ba, ba girman kai ba ne. In ya aiko da kaɗan, ba rowa ba ce. A rage masa kiran buƙata a shekarun nan uku, a yawaita masa addu'a. Shi kuma ya tuna cewa abin da ya je nema ba kwat ba ne, ba kuma haruffan da za a liƙa a bayan sunansa ba ne kaɗai, sai dai a san shi da cewa in ya rubuta dubu, to, ya ƙirga dubu. Allah ya sa a gama lafiya, ya kuma dawo da su gida da abin da zai amfani jama'a, amin.